Bincikena a Bangon Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka bar Maraɗi, ni da abokina mai mota, muka fuskanci gabas. A bayan mota akwai shebur da bokiti da ledoji da kwalabe wankakku da buhuna babu komai a ciki. Wanda ya leƙa zai ɗauka magina ne za su wurin aiki. To ba gini za mu ba, gansakuka muka fita nema. E, gansakuka dai, wannan koren da ke kwanciya a kan tabki, wanda mata ke turewa da ƙwarya kafin su ɗebi ruwa. Na san cikin masu bibiyata akwai waɗanda tun bara suke yi mini dariya a kan wannan, har da wanda ya naɗa ni Sarkin Gansakuka ba tare da ya saya mini rawani ba. Ku gyara zama, labarin yau naku ne.

Ga wanda bai san ni ba, ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyar da kimiyyar halittu a wani lakol a Maraɗi, kuma na koma jami'a da girmana ina neman digiri na biyu. Abin da nake son tabbatarwa shi ne gulaben nan namu da suka koma yashi sun taɓa riƙe ruwa kwantacce garai-garai, rani da damina. Shaidar da nake nema kuwa 'yar mitsitsiya ce, ƙwayar wata irin gansakuka da ta zama dutse a cikin ƙasa. Na fita har sau biyu na dawo hannu rabbana. Farfesan da ke duba aikina ya gaya mini, ba da faɗa ba, cewa in ban kawo masa ko ƙwaya ɗaya kafin zaman kwamiti na ƙarshen wata ba, za a soke batun in ɗauki sabo daga farko. A shekaruna, ga iyali ga aji cike da yara, na san ba zan iya sake sabo ba, ajiye karatun zan yi. Da wannan nauyi a zuciyata na shiga mota.

Hanyar Agye ta yi mana kirki. An gama girbi, dammunan hatsi na jere a bakin gonaki, amalanken jaki da na shanu na ta kai su gida. Gawo, mai taurin kai, ya fara fitar da sabon ganye daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu. A wani shinge jandarma ya leƙa bayan mota ya tambayi aikin kwalaben. Na ce gansakuka za mu ɗiba. Ya dubi katina, ya dube ni, ya sake duban katin, sannan ya ce, "Allah ya ba da sa'a, mushe," da irin muryar da ake gaida mara lafiya. Abokina ya yi ta dariya har muka shiga gari.

A Agye muka karya da shayi da burodi da ƙwai. Garin aya ne, kuma kaka ce, ko'ina ka duba an baza ta a tabarma tana shan rana. Tiyar da muke saye da tsada a Maraɗi a nan kusan rabin kuɗin ce, saboda haka na auni rabin buhu tsarabar gwaggota da ke Gidan Rumji, inda muka shirya yada zango na ƙarshe. Abokina ya ce zai ɗanɗana ya ji ko mai kyau ce. Bai gama ɗanɗanawa ba har ƙarshen tafiyar.

Bayan gari muka tsaya a wani tabki. Na naɗe wando na shiga, na kamfato gansakuka cike da hannu, mai santsi, tana silalewa tsakanin yatsu. A nan bari in ɗan sa rigar mushe, ba zan daɗe ba. Masana sun raba koren gansakuka gida biyu. Gida na farko ya bazu a teku da ruwan daɗi. Gida na biyu ya zauna a ruwan daɗi, kuma a binciken masana daga wannan gidan ne tsirran tudu duka suka samo asali, da hatsi da gawo da kuka, cikin ikon Allah. Wato wannan da muke turewa da ƙwarya dangin tuwonmu ce ta nesa. A cikin gida na biyun akwai mai santsin nan da na riƙe, wadda in ta mutu ruɓewa take, da wuya ta bar alama. Akwai kuma wata mai kaushi da littattafai ke kira Chara, mai rassa zagaye da gaɓoɓinta, mai tashin warin tafarnuwa. Ita tana tsotsar farar ƙasa daga ruwa ta lulluɓe ƙwayarta da ita, sai ƙwayar ta yi tauri, da layi biyar a murɗe a jikinta kamar igiya. Uwar ta ruɓe, tabkin ya ƙafe, ƙwayar na nan. An samu irinta a duwatsun da suka haura shekara miliyan ɗari huɗu. Kuma Chara ba ta son ruwa mai laka, sai kwantacce mai haske, don haka duk inda ka haƙo ƙwayarta ka san irin ruwan da ya zauna a wurin.

A tabkin Agye babu Chara ko ɗaya, shanu sun dama ruwan ya koma kunu. Wani dattijon Bafillace da ke shayar da garkensa ya daɗe yana kallona, sannan ya matso ya ce, "Malam, maganin mi a wannan?" Na ce ba magani ba ne, karatu ne. Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, amma na ga bai yarda ba, ya ɗauka ɓoye masa sirri nake. Duk da haka ya sa aka kawo mana nono mai sanyi a ƙwarya, ya ƙi karɓar ko dala.

Gazawa kuwa garin babura ne. Iyaka na kusa, kabu-kabu na shiga da fita da jarkoki da buhuna an ɗaure har ba ka ganin mai tuƙin. A kasuwa sefa da naira duka suna tafiya, mai awara ma takan tambaye ka da wanne za ka biya. Mun ci dambu da zogale da ya ji ƙuli-ƙuli a wata rumfa, kuma a rumfar nan ne na ji maganar da ta ɗaga ni tsaye. Wani mai lambu yana ba maƙwabcinsa labari cewa rijiyar da ake haƙa masa a cikin Gulbin Kaba ta faɗa kan farar ƙasa, har matan ƙauye sun yi masa dandazo. Na bar dambuna a kwano, abin da ban taɓa yi ba, na roƙe shi ya kai mu.

Hanyar ƙauyen yashi ce zalla tsakanin goriba da kaba. Mota ta kafe, muka tura, ta sake kafewa, muka shimfiɗa mata kaba a ƙarƙashin taya. Da muka isa sai na tarar tulin farar ƙasar da aka fitar babu ko dunƙule, mata sun kwashe ta kaf don shafen ɗaki. Ga zoben siminti an jere a gefe, washegari da safe za a zura su a rufe bangon rijiyar. Abin da ya rage shi ne in sauka da kaina in sassaƙo daga bango. Babban mahaƙin ya dubi tumbina ya dubi igiyarsa ya ce, "Mushe, igiya dai sabuwa ce, amma ka yi bisimilla." Na yi, har da ƙari.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Rijiya daga sama ƙarama ce, daga ciki kuwa sama ce ke komawa ƙarama. Amma da ƙafata ta taɓa ƙasa na kunna fitilar waya, sai tsoron ya tafi. Ga jan yashi a sama, ga baƙar laka a ƙasa, ga farin layi a tsakaninsu ya zagaye rijiyar, kaurinsa kamar kamu ɗaya. Na auna zurfinsa, na ɗauki hoto, na yi ta sara ina cika guga ana ja, har buhu ya kusa cika. Da na fito na fasa dunƙule ɗaya na duba da madubin ƙara girma da ke rataye a wuyana. Na ga ɓaraguzan bawon katantanwa, alamar ruwa ke nan, amma ƙwaya ban gan ta ba. Ban damu sosai ba, domin ƙwayar ba ta fi irin alayyafo girma ba, kuma a manne take cikin ƙasa. Sai an jiƙa an dama an tace a ɗakin bincike kafin ta fito, in tana ciki. Na ɗaure bakin buhun da hannuna na sa a mota. A Gazawa muka kwana.

Washegari muka juyo yamma. Muka ratsa ta Sae Sabuwa, inda amalanke ya fi mota daraja don shi ba ya kafewa, muka faɗa Cadakori ranar kasuwa. Tumaki da awaki da dawo da gishiri, ga masu gyaran babur a bakin hanya, ga Fulani mata da ƙoren nono a jere. Abokina ya ɓace cikin 'yan tsire, ni kuma na bi wata hanya zuwa wani ɗan tabki da aka kewaye da ƙaya saboda lambu, dabba ba ta shiga. Ruwan garai-garai har kana ganin ƙasa. Na zura hannu, sai na ji kaushi. Na ciro, na kai hanci, tafarnuwa sak. Chara ce da ranta, da 'yan ƙwayoyinta ruwan goro a jikin rassa. Na tsaya cikin ruwa ina murmushi ni kaɗai. Abokina da ya iso ya shinshina ya ce in dai wannan ce muka sha wahala dominta, to a bayan mota za ta zauna. Na cika kwalabe, amma na san mai rai ba ta isa ta cece ni ba, tsohuwar ake nema.

Da la'asar muka shiga Gidan Rumji, ƙanshin kilishi ya tare mu tun daga bakin kwalta. Gidan gwaggota cike yake, matar ɗanta ta haihu, ana shirin suna. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, tsohuwa mai kuzari wadda ba ta iya ganin aiki ta bar shi ya kwana. Ina can ina gaishe-gaishe, wannan ya ja ni wancan ya ja ni, ashe abokina, mutum mai saurin hannu, ya buɗe bayan mota ya ga buhu biyu, ya kinkime su duka ya dire a tsakar gida ya ce ga tsarabar mushe. Ni ban sani ba. Kuma kowa ya san a gidajenmu abin da baƙo ya dire a tsakar gida ya zama na masu gida, ba a komawa a tambaye shi me za a yi da shi.

Da safe muka fita duba Gulbin Maraɗi, ba mu samu abin kirki ba, muka dawo da hantsi. Ina shiga gida na ga mata sun yi cirko-cirko suna yaba ɗakin mai jego. An shafe shi ciki da waje, fari tas, har yana ɗaukar ido. Na buɗe baki zan yaba ni ma, sai idona ya faɗa kan darni. Ga buhun farar ƙasata an zazzage an wanke an shanya.

Gwaggo ta taho da tsumma a hannu, farar ƙasa har gwiwar hannunta, fuskarta cike da fara'a. Ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Wa ag gaya maka muna biɗar hwarar ƙasa? Irin wagga mun daɗe ba mu gan ta ba, laushi kamar gari."

Na zauna a kan turmi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma babu wanda zan yi wa faɗa. Tsohuwa ta ga tsaraba ta yi godiya, abokina ya yi abin da kowane ɗan kirki zai yi. Rijiyar kuma a lokacin an riga an zura mata siminti. Na dubi bangon nan na ce a raina, shi ke nan, ga digirina can an shafa wa jariri. Abokina ya sulale ya koma zaure, ko ayar bai ɗauka ba.

Gwaggo ta lura. Ta ce, "Lahiya? Ko ba tamu ba ce?" Na yi mata bayani a taƙaice, cewa ƙasar ta karatu ce, akwai wani abu da nake nema a cikinta. Ta yi salati ta riƙe haɓa. Don kada ta shiga damuwa, na tambaye ta yadda ta yi aikin, ba don ina son ji ba. Ta ce tun da dare ta jiƙa ta a daro, da safe ta dama da hannu har ta narke, sannan ta tace da tsohon ɗankwali sau biyu don kada tsakuwa ta ɓata mata bango.

Na ɗago kai. Jiƙawa da damawa da tacewa, ai aikin da zan je in yi a ɗakin bincike ke nan. Abin da ya hau bango ruwan ne. Abin da nake nema ba ya wuce ɗankwali. Na ce, "Gwaggo, diddigar da ta rage a ɗankwalin fa?" Ta nuna gindin darni da baki ta ce, "Ga ta can na zubar. Mi kaka biɗa cikin shara?"

Kaji sun riga ni isa, suna ta tono. Na kore su da hula, ni mushe guda, na durƙusa a gaban matan suna. Na kwashe diddigar nan da cokali a hankali, na bar wadda ta taɓa yashin gida, na zuba a farantin tangaran na baza a rana. Jiran bushewarta ya fi mini zaman cikin rijiya tsawo. Da ta sha iska na kawo madubi na fara bi da tsinken tsintsiya. Bawon katantanwa, yashi, bawon katantanwa, sai wani ɗan abu mai siffar ƙwai ya mirgino. Na juya shi. Layuka a murɗe daga kai har gindi. Na duba ta gindin na ƙirga inda suka haɗu, biyar cif. Kafin in gama murna na ga wata a gefenta, na ga wata, ashe farantin cike yake da su, wankakku tas, ko ɗaya ba ta fashe ba.

Na yi sujada a nan tsakar gida, kuma na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Sai gwaggo ta karɓi madubin ta kanne ido ɗaya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah, 'yan tuluna ne ƙanana, har da zane." Na gaya mata 'ya'yan gansakuka ne na wani tabki da ya ƙafe tun kafin a kafa garuruwanmu. Ta miƙo mini madubin ta ce, "To ka gani, kowa ya samu nashi. Ni na ɗauki hwari, kai ka ɗauki tsakuwa. Da ka hwaɗi tun jiya da ban ba kaji ba." Abokina ya leƙo daga zaure da ya ji dariya, yana shigowa ya fara cewa ai dama shi ya san abin da yake yi.

Ba mu tsaya suna ba saboda lokaci, amma gwaggo ta cika mu da fura da kilishi, kuma na roƙi ɗankwalin nan ta ba ni, don akwai sauran ƙwayoyi maƙale a zarensa. Daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi kwalbar da na zuba su ba ta bar aljihun rigata ba. Duk ramin da mota ta faɗa sai na dafe ƙirji, abokina na cewa ko amarya aka ɗauko ba a yi mata wannan lallaɓawa.

Ban ko sauke kaya a gida ba na wuce buron farfesa, wato ofishinsa. Ya zuba kaɗan a ƙarƙashin mikroskop, babban madubin ƙara girma, ya sa ido. Ya tambayi zurfin da na samo su, na nuna masa hotunan rijiya. Ya sake sa ido. Sannan ya ɗago ya miƙo mini hannu ya ce batuna ya tsaya, in je in fara rubutu, kuma da alama ba iri ɗaya ba ne a ciki, aikin rarrabe su ma babi guda ne. Har na kai ƙofa ya kira ni ya ce ya daɗe bai ga samfuri mai tsabta haka ba, wace hanya na bi na tace? Na ce jiƙon dare ɗaya a daro, damu da hannu, tata biyu da ɗankwali. Ya ce in rubuta hakan yadda yake.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Yashin da muke shuka hatsi a kai yana da tarihi a ƙarƙashinsa, kuma tarihin ba ya nesa, tsawon igiyar guga ne. Matanmu sun daɗe suna shafe ɗakuna da tsofaffin tabkuna, suna zubar da shaidar a gindin darni, mu kuma muna can muna neman ta a littattafai. Sannan duk wanda zai sauka gidan gwaggonsa da buhu, ya buɗe baki ya faɗi na wane ne tun a ƙofa.

Masu dariya kuma na yafe muku, sarautar da kuka ba ni na karɓa. Karatun da na yi niyyar ajiyewa a ƙarshen watan nan yana nan daram, jiya ma na rubuta shafin farko. A shafin godiya sunan gwaggo ne a sama, na farfesa na biye.